Lambar Da Ke Bayan Samfefa

Jama'a, darasinmu na yau a kan samfefa ne, watau takardan nan mai kaushi wadda kafinta ke goge katako da ita kafin ya shafa masa fenti ko banish. Wataƙila wani daga cikinku zai ce, "Mu da muka zo koyon karatu da rubutu, ina ruwanmu da kayan kafintoci?" To, a yi haƙuri a biyo mu. Ba gidan da babu aikin itace a ciki. Ga ƙyaure, ga taga, ga benci, ga akwatin amarya, ga allon yara. In ba kai ne mai yi ba, kai ne mai saye. Kuma a bayan takardan nan akwai lamba a rubuce. Wanda ya iya karanta ta ya san abin da ya saya. Wanda bai iya ba kuwa, sai abin da aka miƙa masa.

Teburin tela

Muna da wani aji a unguwar Kwarbai, cikin birnin Zariya, ba nisa da gidan Sarkin Zazzau. A wani zaure mu kan taru bayan la'asar. Cikin 'yan ajin akwai wani saurayi kafinta. Shekara uku ya yi yana koyon aiki wurin maigidansa, bai daɗe da aka yaye shi ba. Hannunsa yana da kyau, amma sa'ad da ya shigo ajinmu ko baƙi ɗaya bai sani ba.

Ran nan wani tela na unguwar, dattijo, mai ɗinkin manyan riguna, ya ba shi aiki. Ya ce a yi masa babban tebur na katakon maɗaci, wanda zai riƙa shimfiɗa shadda a kai yana yanka. Wannan shi ne babban aiki na fari da saurayin ya samu da sunan kansa. Ya auna, ya yanka, ya haɗa, tebur ya tsaya da ƙafafunsa cif, ba ya rawa. Saura guga da shafa banish, watau man nan mai sheƙi wanda ba ya ɓoye launin itace.

Sai ya fita ta Ƙofar Doka, ya wuce Tudun Wada, ya ƙetare Kubanni, ya shiga kasuwar Sabon Gari. Ya ce wa yaron kanti, "Ba ni samfefa biyu, mai kaushi ɗaya, mai laushi ɗaya." Aka ba shi. Bai juya bayansu ba, don a gidan maigidansa gutsure a kan yago a miƙa masa, bai taɓa sanin akwai abin dubawa a baya ba.

Da ya komo ya kama guga da mai kaushin. Ya goga a tsaye, ya goga a kwance, ya goga a karkace, duk inda hannu ya fi jin daɗi. Sa'an nan ya bi da mai laushin. Ya shafa tafin hannu, ya ji tebur sumul kamar ƙwai. Da yamma ya shafa banish, ya rufe shago, ya tafi gida da murna.

Gari na wayewa ya buɗe shago, sai gabansa ya faɗi. Fuskar tebur duk zane ne, tsaye da kwance, sai ka ce kaji sun kwana suna tono a kai. Yana cikin kallo sai ga tela.

Tela ya daɗe yana dubawa, kana ya ce, "Ɗana, wannan zane na mene ne? Ni ban ce a yi mini ado ba." Ya zaro ƙyallen shadda daga aljihu, ya ja shi a gefen tebur. Ƙyalle ya kama, zare ya fito. Ya ce, "In na shimfiɗa shaddar mutane a nan ta ja zare, ni zan biya ko kai?"

Saurayi ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri. Wallahi jiya da na shafa hannu sumul ya ke."

Tela ya ce, "Jiya ke nan. Ni na yau na ke gani. Na ba ka mako ɗaya. In bai gyaru ba ka mayar mini da kuɗin da na ba ka na kafin alƙalami."

Kuɗin kuwa sun riga sun shiga katako da ƙusoshi. Da la'asar ya zo aji ransa a ɓace, da guntayen samfefar a hannu. Muka ce ya juya bayansu ya karanta mana. A watan nan ne muka gama lambobi har ɗari. Ya dubi ta fari ya ce, "Arba'in, Malam." Ta biyun ta ba shi wuya, sai da 'yan aji suka taya shi: 220. Muka tambaye shi, "Tsakanin 40 da 220 akwai lambobi ko babu?" Ya ce, "Akwai su da yawa, Malam." Muka ce, "To, su ne ka tsallake."

Kafin zuwan samfefa

Guga ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a kawo takarda mai kaushi, masassaƙa suna da tasu dabara. In masassaƙi ya gama fere allo ko akushi da gizago, ya kan kankare shi da wuƙa, sa'an nan ya ɗebo ganyen ɓaure ya goge. Ku taɓa ganyen ɓaure ku ji, yana da kaushi kamar harshen kyanwa. Abin da ke sa shi kaushi wasu ƙananan ƙwayoyi ne masu tauri, dangin yashi, waɗanda itacen ke tarawa a fatar ganyensa. A Kudu akwai wani ɗan'uwan ɓaure wanda ya fi shi kaushi, Yarbawa na goge ƙwarya da kayan itace da shi. Kafintocin Turai na da kuwa, fatar wani kifin teku su kan busar su yi guga da ita.

Wani dattijo masassaƙi ya taɓa leƙowa ajinmu, muka nuna masa samfefa iri iri. Ya mutsuttsuka su da yatsa, ya yi dariya ya ce, "Malam, ai wannan ba sabon karatu ba ne. Mu ma gatari mu ke fara sawa, kana gizago, kana wuƙa, kana ganye. Wa ya taɓa sare itace da ganye?" Muka ce, "Gaskiyarka, Baba." Dattijon nan bai san lamba ko ɗaya ba, amma ya san bi da bi. Lamba ta zo ne ta rubuta abin da hannunsa ya riga ya sani.

Wani mutumin London, John Oakey, shi ne ya shahara da yin takardar guga da yawa don sayarwa. Ya kafa sana'arsa a 1833, watau shekara ɗaya kafin Sarkin Zazzau Abdulkarimu ya hau gado, wanda a zamaninsa Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya. Garin gilashi ya ke mannawa a takarda. Yanzu kuwa, ko da ya ke wasu na ce mata takardar yashi, galibin wadda ke kasuwa ba yashi a jikinta, ba gilashi. Wani irin dutse ne mai tsananin tauri da a ke dafawa a masana'anta da wutar lantarki, a niƙe shi, a manna a takarda ko a ƙyalle. Mai ruwan ƙasa ko ja-ja ita ce ta katako. Akwai kuma baƙa, wadda ruwa ba ya lalata ta. Wani kamfanin Amurka, 3M, ya fara sayar da irinta a 1921. Ita ce ku ke gani wurin masu fentin mota, suna tsoma ta a bokiti suna guga.

Abin da lambar ke nufi

Kowa ya san rariya. In mace ta daka hatsi ta tankaɗe, gari mai laushi ya faɗa ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. Rariya mai manyan huda ta kan bar tsaki ya wuce. Mai ƙananan huda sai gari.

Haka a ke tankaɗe dutsen samfefa. A kan auna inci ɗaya a jikin rariyar, watau kimanin tsawon gaɓar babban yatsa, a ƙirga hudar da ke jere a ciki. In huda 40 ce, to, manya ne, ƙwayoyin da za su wuce ma manya ne. Sai a rubuta 40 a bayan takarda. In huda 220 aka cusa cikin wannan inci ɗaya, lalle ƙanana ne ƙwarai, ƙwayoyin ma kamar gari. Sai a rubuta 220. Daga nan zuwa sama ƙwayoyin sun yi wa rariya ƙanƙanta, da wata dabara a ke ware su, amma lissafin bai sake ba.

Ga abin riƙewa, a maimaita shi da ƙarfi a aji: ƙaramar lamba, babban kaushi. Babbar lamba, laushi.

Mutane da yawa su kan ɗauka a juye, su ce ai babbar lamba ita ce mai ƙarfi. Ba laifinsu ba ne duka. Takardar gilashi ta Ingila, wadda a ke kawowa ƙasan nan zamanin Turawa, lambobinta 0 ne, da 1, da 2, da 3, kuma a wancan lissafi 3 ta fi 1 kaushi. Saboda haka in ka ji tsohon kafinta yana gardama a kan wannan, kada ka yi masa dariya. Da wani ma'auni ya koya.

Sau da yawa za ku ga harafin P gaban lambar, kamar P80 ko P120. Alama ce ta ma'aunin ƙasashen Turai. Daga 220 zuwa ƙasa bambancinsa da na Amurka kaɗan ne, kada ya dame ku. Sauran rubutun galibi sunan kamfani ne.

Daga 40 zuwa 80, masu kaushi ke nan, aikinsu cin itace. Daga 100 zuwa 150, matsakaita. 180 da 220, masu laushi. 320 da 400 ba na ɗanyen katako ba ne, aikinsu na nan tafe.

Me ya sa ba a tsallake

Samfefa ba shafa ta ke yi ba, yanka ta ke yi. Kowace ƙwaya wuƙa ce ƙarama. In ka goga, dubban wuƙaƙen nan su kan bar dubban karce a katako. Ba samfefar da ba ta barin karce. Aikin kowace lamba shi ne ta share karcen wadda ta riga ta, ta bar nata wanda ya fi ƙanƙanta. Haka a ke tafiya har karcen ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani.

Ku da ku ke manoma kun fi mu sanin wannan. Garma ta kan ta da kunya. In kana so ka mayar da wurin fili, na shanya ko na sussuka, da me za ka baje kunyar? Da fartanya. Bayan fartanya sai tsintsiya. In ka bar fartanya ka ɗauki tsintsiya, ko ka kwana kana shara kunya tana nan, sai dai ka share mata kai ta yi kyau. Lamba 40 garma ce. Lamba 220 tsintsiya ce. Ƙwayar 40 ta kusa rabin milimita, ta fi ƙwayar 220 girma wajen sau shida. Abin da ya sami ɗalibinmu ke nan. Ya yi huɗa da garma, ya bi da tsintsiya.

To, me ya sa ya ji sumul da hannu? Don garin katako ya cika ramukan, kuma busasshen katako ba ya nuna karce. Da banish ya sauka sai ya jiƙa garin, ya shige cikin ramukan, ya taru a ciki, suka yi duhu. Fenti mai kauri ya kan rufa wa kafinta asiri kaɗan. Banish ba ya rufa asirin kowa. Abin da ka bari a ƙasa, shi zai ɗaga ya nuna wa duniya, har da ƙari.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce hawa uku: 80, sa'an nan 120, sa'an nan 180. In ana son ƙari a sa 220. Kada lambar da za ka ɗauka ta kai ninki biyu na wadda ka ajiye. Wani zai ce takarda uku ta fi biyu tsada. Haka ne. Amma wanda ya bi hawa uku ya kan riga mai tsallake gamawa, don kowace takarda ɗan aiki kaɗan ta ke tararwa, ba ta saurin mutuwa.

Da wace lamba za a fara? Katakon ne zai gaya maka. Dube shi. In da sawun zarto ko na gizago a jikinsa, fara da 60 ko 80. In an riga an fere shi a inji ya fito da santsi, fara da 100 ko 120, ba ruwanka da masu kaushi. Lamba 40 ta kankare tsohon fenti ce, ko katakon da ya yi muni ƙwarai. A ganinmu bai kamata ta taɓa fuskar tebur ba sai dole. Itace mai tauri kamar ƙirya ya kan jure kaushi, amma farin katako mai taushi nan da nan 40 za ta yi masa rami. Filawud kuwa a yi hankali da shi. Fatarsa ta sama siririya ce ƙwarai, in ka sa mai kaushi sai ka huda ta, baƙin gam ya bayyana, kuma ba gyara. Fara shi da 150 ko 180, da hannu marar nauyi.

A wace lamba za a tsaya? Wannan kuma abin da za ka shafa ne zai gaya maka.

In fenti ne, tsaya a 120 ko 150. Fenti yana son abin kamawa. Ku dubi magini: in zai yi wa bango yaɓe ba ya son bangon ya yi sulɓi, har ya kan karce shi don yaɓen ya zauna. Haka fenti ya ke. Allon aji ma, wanda za a shafa wa baƙin fenti, 120 ta ishe shi.

In banish ne, kai 180, ko 220 in fuskar tebur ce da ido zai riƙa sauka a kai.

In za a sa ruwan kala tukuna don itacen ya yi duhu, kada a wuce 180. Katakon da aka goge ƙwarai ba ya shan kala sosai, sai ya fito fari-fari. Kuma dukan fuskokin aikin su tsaya a lamba ɗaya, in ba haka ba wani gefe ya fi wani duhu. Wuri ɗaya ne a ke bambantawa, watau bakin katako inda zarto ya yanke shi. Nan ya kan sha kala kamar yadda bakin rake ke fid da ruwa, sai ya yi baƙi ƙirin. A ƙara masa hawa ɗaya na laushi.

In mai kaɗai za a shafa, a kai 220, don mai ba ya yin fata a sama, itacen ne hannu zai riƙa taɓawa.

Akwai kayan da ba a kai musu fenti ko banish ko kaɗan: akushi, da ludayin itace, da muciya, da allon karatu. Abinci na taɓa su. Allo kuwa tawada ba ta zama a kan banish, kuma kun sani a kan wanke allo a sha. Allon aduwa a goge shi da 120, a bi da 220 ko da ganyen ɓaure, har alƙalami ya riƙa tafiya ba ya tuntuɓe. Shi ke nan. Kayan abinci kuwa, man da a ke ci, kamar man kaɗe, shi ya dace da su.

Wani lokaci mai kanti zai ce ka ƙara da 400 ko 600 don aikinka ya fi na kowa. In ɗanyen katako ne da za a shafa wa banish, riƙe kuɗinka.

Yadda a ke riƙe ta

Itace yana da jijiya, tana bin tsawonsa, kamar zaren da ke cikin rake. Kullum a bi jijiya. Karcen da ya bi jijiya ya kan ɓuya a cikinta. Wanda ya gicciye ta ya yanke zaren, kuma shi ne ke fitowa baƙi bayan an shafa banish. Mai doki ya san wannan, ba a goge doki ta inda gashi bai kwanta ba.

Cikakkiyar takarda inci 9 ce da inci 11. A raba ta huɗu. Ninke ta ka yaga a bakin tebur. Kada ka ari almakashin tela, za ka dakushe shi, ku ɓata. Naɗa gutsuren a jikin guntun katako mai faɗi wanda ya cika hannu. In ka goga da yatsu kawai, yatsu su kan bi taushi su bar tauri, fuskar aiki ta yi tudu da kwari. Kada ka danna da ƙarfi, ƙwayoyin ne ke aiki.

Yaya za ka san lamba ta gama aikinta? Ɗauki fensirin da ka ke rubutu da shi a aji, ka yi zane-zane marar nauyi a duk fuskar katakon. Goga har zanen ya ɓace ko'ina. In ya rage a wani wuri, wurin kwari ne, takarda ba ta kai can ba tukuna. Kafin ka ɗauki lamba ta gaba, share katakon sarai da burushi ko tsumma. Ƙwaya ɗaya ta 80 in ta faɗo ta maƙale ƙarƙashin 180, ta isa ta ja maka layi daga wannan baki zuwa wancan.

Hannu ya kan yi ƙarya, mun gani. Haske ba ya yi. Kai aikin bakin ƙofa da sassafe, sa'ad da rana ke shigowa a kwance, ko ka kwantar da tocila a gefensa, ka sunkuya ka duba. Kowane karce zai yi inuwa. Sa'an nan ka shafa tsumma mai ɗan danshi. Yadda katakon ya nuna yana jiƙe, haka zai nuna da banish. Danshin yana da wani amfani kuma: ya kan ta da ƙananan gashin itace. Bari ya bushe sarai, ka bi da lambarka ta ƙarshe sau biyu ko uku, gashin ya tafi. Irin gashin nan ne ya ja zaren shaddar tela.

Abu biyu su kan cuci mai son araha. Na ɗaya, tsohuwar 80 da ta mutu ba ta zama 120. Ta dakushe ne kawai, amma 'yan ƙwayoyin da suka rage suna nan da girmansu. Na biyu, ɗanyen itacen da bai bushe ba ya kan toshe takarda nan take. A bar shi ya bushe a inuwa. Da damina a ajiye samfefa cikin gwangwani ko leda, don danshi na sa ta yi laƙwas.

Bayan shafi na fari ya bushe ƙayau, za ka ji ɗan kaushi. Nan ne aikin 320. Bi da ita a hankali, kamar mai share ƙura, ka goge garin, kana ka yi shafi na biyu. Da hunturu a yi shafi cikin ɗaki, a yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, a rufe taga. Ƙurar hunturu in ta sauka a ɗanyen banish, ta zauna ke nan.

Ƙura

Garin katako ba abin wasa ba ne. Yana sa tari, yana ta da ciwon asma. A 1995 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na cikin hanci ga wanda ya yi shekaru yana shaƙa. A yi guga a waje ko inda iska ke wucewa. A sa takunkumi, wanda kowa ya san shi tun annobar korona ta 2020.

Wadda ta fi wannan haɗari ita ce ƙurar tsohon fenti. Fenti da yawa, musamman na da, akwai dalma a ciki. Kun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta kashe yara wajen 400. Can daga dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gida ƙurar ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa. In za ka kankare tsohon ƙyaure ko tsohuwar taga, kada ka yi a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ko kusa da murhu. Mace mai ciki ta yi nesa. Nemi baƙar samfefan nan ta ruwa, ka riƙa jiƙawa kana guga don kada ƙura ta tashi. In ka gama ka kwashe dattin, ka wanke hannu da fuska kafin ka ci abinci, ka tuɓe rigar aiki kafin ka ɗauki ɗanka.

Yadda aka ƙare da tebur

Kashegari ɗalibinmu ya koma Sabon Gari. Wannan karo da 'yar takarda a aljihu, wadda ya rubuta da hannunsa: 80, 120, 180, 320. Ya ce da yaron kanti ya miƙo masa 100 a madadin 120, sai ya juya bayanta ya ce, "Ba ita ba ce." Yaron ya dube shi, ya sake lalubowa.

Kankare banish ya ba shi wuya, don ya riƙa toshe takardar, har 80 biyu suka mutu. Kwana biyu ya yi a kan wannan lamba kaɗai, yana bin jijiya, har sawun 40 ya fita. Sauran biyun a yini ɗaya ya gama su. Ya yi hasarar gwangwanin banish guda da kwana biyar na aiki. Ran da mako ya cika tela ya zo, ya zaro ƙyallensa, ya ja daga wannan baki zuwa wancan, ya sake ja a gefe. Bai ce kome ba, ya ƙirga sauran kuɗi ya ba shi. Akwai karce ɗaya a kusurwa da ya ƙi fita, mun gan shi da idonmu. A nan tela ke ajiye dutsen guga.

Aikin aji

Kowa ya rubuta lambobin nan a littafinsa, ya jera su daga mai kaushi zuwa mai laushi: 180, 60, 320, 120, 80, 220.

Malamin aji ya yi tambayoyin nan, a amsa da baki tukuna, kana a rubuta. Wace ta fi kaushi, 60 ko 150? Mutum ya gama da 80, wace zai ɗauka, 120 ko 220? In an raba takarda uku, kowace gida huɗu, gutsure nawa ke nan? Don me ba a shafa wa allon karatu banish?

Ran aji na gaba kowa ya zo da guntun busasshen katako da ganyen ɓaure biyar. Wanda ke da tsohuwar samfefa a gida ya zo da ita, ko ta mutu, muddin lambar bayanta na karantuwa.